Ranar da Salansata Ta Karya wa Dogo Nini Azumi

Yau azumi tara, kuma gurup ɗin unguwarmu a nan Kano ya kama da wuta. Wani yaro ne a gidan da ke kallon namu ya sayo mashin, ya kai aka yanke masa salansa. Kullum bayan asuba, daidai lokacin da barci ya fara daɗi, sai ya tayar ya yi ta murɗa totur. Tun shekaranjiya ake ta turo saƙon murya. Wannan ya ce a kira 'yan sanda, wancan ya ce shi da hannunsa zai ɗura wa tankin yashi, uwar yaron ta shigo ta ce duk hassada ce. Sau biyu ana kiran sunana, wai Alhaji kai ne babba, ka sa baki. Na karanta na kife wayar. To in ce me? Ni na taɓa zama wannan yaron, kuma nawa ya fi nasa muni nesa ba kusa ba.

Potiskum ne, unguwar Dogo Nini, shekarar babban fari, wadda aka canja mana kuɗi zuwa naira. Shekarata ashirin da biyu. Ina jan wata tsohuwar babbar mota mai shan fetur da mahaifina ya rasu ya bari. Bodin katako, ba ta tashi da makulli kaɗai, sai an zura mata handil ta hanci an juya. Ita ce gonarmu, ita ce rumbunmu. Ni da Inna da ƙannena biyar duk a kanta muke ci.

Daminar nan ba ta yi ba. Ruwa ya sauka sau biyu a farko, kowa ya ruga ya yi shuka, sai sama ta ɗauke. Aka sake shuka, ta sake ɗaukewa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, in iska ta kaɗa sai ka ji yana ƙara kamar takarda. Mata suka koma tonon gidan tururuwa suna kwaso ƙwayar hatsin da suka tara, a sheƙe a dama kunu. Ganyen tafasa ma sai ka yi nisa kafin ka samu. A Kasuwar Shanu kuwa, Fulani suna ta koro dabbobi daga arewa, ƙashi da fata kawai, wasu a bakin kasuwar suke durƙushewa ba su ƙara tashi ba. Ungulaye sun ƙoshi har tashi yana musu wuya. Ana cikin wannan azumi ya kama, a zafin nan na ƙarshen damina mai ɗanko, wanda rigarka ke manne maka a baya tun da hantsi.

Katanga ɗaya muke da gidan Baba Gimba, tsohon maharbi. A jikin katangar akwai 'yar ƙofa, ba ƙyaure, tabarma kawai aka rataya, tun zamanin mahaifina. Rijiyarmu ta ƙafe tun kafin azumi. Tasu ta fi zurfi, tana ba da ruwa da sassafe, ja-ja da shi, sai an bar shi ya kwanta. Ta wannan ƙofar ƙannena mata ke wucewa su ɗebo tulu biyu kullum, kuma da tulu biyun nan muke sha, mu yi girki, mu yi alwala. Ni kuma in na dawo daga lodi na share bayan mota na tara dawar da ta zube, Inna ta raba biyu ta miƙa rabi ta ƙofar. Babu mai aunawa. Ba don ƙofar nan ba, da ban san yadda za mu yi a shekarar ba.

Ɗan Baba Gimba na fari, Sule, sa'ana ne. Rana ɗaya aka yi mana kaciya, tabarma ɗaya muka yi jinya. Mahauci ne a Kasuwar Shanu, ƙato, wuyansa kamar na bijimi, ga dariya.

Sai maganar bindiga. Lokacin babu lasifika a masallacin unguwa, babu rediyo sai gida ɗai-ɗai, ladaninmu kuma tsoho ne, muryarsa ba ta wuce gida huɗu. Don haka duk azumi Baba Gimba yakan zauna a ƙofar masallaci da bindigarsa ta toka, albarushi kawai a ciki ba harsashi. Liman na da agogon aljihu. In rana ta faɗi ya duba ya gyaɗa kai, Baba Gimba ya ɗaga baki sama ya saki. Dum! Duk matan da ke cikin gidaje, da tsofaffi, da marasa lafiya, da wannan ƙarar suke shan ruwa. Tun kafin a haife ni yake yi, ba a taɓa cewa ya yi gaba ko ya yi baya ba.

Salansata ta faɗi ne a hanyar Fika, saura kwana kaɗan azumi. Na ɗauko ta na jefa a bodi. Bukar mai walda ya ce in kawo, aikin ɗan lokaci ne. Na ce gobe. Amma a goben nan na ji yadda motar ke ruri ba salansa, na ga yadda mutane ke juyowa, sai na ji kaina ya yi girma. Direbobi a tasha suka ƙara zuga ni, wai ai mota ta fi jan kaya in ba a toshe mata numfashi ba. Wani tsohon direba ya koya min abin da muke kira harbi: kana cikin tafiya a giya sai ka kashe makulli, ka taka totur sau uku huɗu fetur ya taru a bututu, sannan ka kunna. Sai ta buga kamar bindiga, har wuta ta fito ta baya. Na mayar da shi sallamata. Duk na shigo unguwa sai na yi ɗaya.

Da farko wasa ne tsakanina da Sule.

"Kai Ado," ya ce da ni ta kan katanga, "wannan jakar taka wake ka ba ta ne?"

"Gara ita tana da abin da za ta fitar. Kai fa, da kake sayar wa mutane ƙashi ka ce nama?"

"Wallahi wata rana sai na yanka ta na feɗe."

"Ka fara wasa wuƙa."

Muka yi dariya. Amma da azumi ya shiga, dariyar ta ragu. Ni fitar asuba nake yi, motar kuma in ta kwana sai an ja cok, wato abin rage wa inji iska, an yi ta ba ta wuta kafin ta ɗumama, in ba haka ba ta mutu a hanya. Ka yi tunanin mutum ya yi sahur da kunun dusa, ya yi salla, ya kwanta ya ɗan saci barci kafin rana ta buɗe, sai ga ni a ƙofar gida ina ruri kamar ana rushe gari. Ga matar Sule, Hauwa, ba ta yi arba'in ba, nono ba ya isa, jaririn da ƙyar ake lallaɓa shi ya yi barci. Ina tayarwa zai zabura ya ƙanƙame jiki ya yi ta tsala ihu har ya shiɗe.

Azumi uku Bulama, mai unguwarmu, ya aiko a kira ni. Na tarar da dattawa a zaurensa, har da Baba Gimba.

"Adamu, motarka ta hana mutane sakat."

"Ranka ya daɗe, gyara za a yi."

"Yaushe?"

"Cikin satin nan."

Baba Gimba bai ɗago kai ba ya ce, "Ɗana, rurin ma da sauƙi. Wannan bugun da kake yi ne. Watan nan kunnen mata yana kan ƙara ɗaya ne. Ka bar shi sai bayan salla."

Na ce na bari. A gaban kowa na faɗa. Aka kuma yanke cewa da asuba ba zan tayar a ƙofar gida ba, samarin layi za su taya ni turawa har bakin titi.

Kwana huɗu aka yi ana turawa. Mu takwas, tara, ƙafa a cikin yashi, Sule a gaba yana ba da baki, "Ku tura, 'yan banza, tuwon Inna ne a ciki!" Amma mutum mai azumi da yunwa, turin babbar mota ba abin wasa ba ne. Rana ta biyar mutum biyar suka fito. Ta shida uku. Ta bakwai na leƙa ba kowa, sai na ɗauki handil na tayar a inda take. Salansar kuwa tana nan kwance a bodi. Kullum in na wuce rumfar Bukar sai ya ɗaga min hannu, ni ma in ɗaga masa in wuce.

Sule ya daina yi min magana ta kan katanga. Wata safiya ya fito ya tsaya a gaban motar da jaririn a hannu, yaron yana ta ihu, fuskarsa ta yi jawur. Ɗago min shi kawai ya yi. Ni kuma na nuna masa kunnena, wai ba na ji. Har yau in na tuna wannan nunin kunnen sai na ji kunya ta kama ni.

Inna ta ce, "Ado, ruwan gidan nan muke sha fa."

Na ce, "Su ma dawar motar nan suke ci."

Ta dube ni, ta juya ta ci gaba da aikinta.

Azumi goma sha bakwai. Na fito da asuba, na zura handil, na juya. Ta yi tari ta mutu. Na sake. Ta sake. A karo na huɗu handil ɗin ya dawo da baya ya doke ni a haɓa, na ji gishirin jini a baki. Na zagaya baya da fitila, sai ga ƙahon sa an dunƙuma shi cikin bututun hayaƙi da guduma, an liƙe gefen da laka da kashin shanu. Ƙahon sabo ne, da sauran jini a gindinsa. Ba sai an gaya min na wane ne ba.

Sai da hantsi ya ɗaga sosai na iya ciro shi. Lodin safe ya wuce ni. Da ƙyar na samu wani ɗan kasuwa da ke da buhunan dawa a Fika, na tafi a tsakiyar rana. Hanyar nan ta ci ni. Sau uku lagireto yana tafasa, in tsaya in buɗe galan in ɗura mata ruwa, ina kallonsa yana gangarawa, ina jin ƙararsa ƙul-ƙul-ƙul, ni kuma harshena ya manne a dasashi. Haɓata ta kumbura. Duk ramin da na faɗa sai na zagi Sule. Na ajiye ƙahon a kujerar gefe, ina tuƙi ina kallonsa.

A hanyar dawowa hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, irin wanda muka yi wata biyu muna roƙo. Kafin in sauke kaya in nufo gida ya rufe sama gaba ɗaya. Babu rana, babu alamar inda take. Iska tana ta fizgar zana da rufin kwano, ƙanshin ruwa ya cika gari. Ban san ƙarfe nawa ba, kuma wallahi ban tambayi kaina ba. Abu ɗaya ne a kaina.

Daga bakin titi zuwa layinmu akwai 'yar gangara. Ina hawa kanta na kashe makulli. Motar ta yi tsit, tana gangarawa, iska ta haɗiye sauran motsinta. Na taka totur, ba sau uku ba, sau bakwai ko takwas. Daidai ƙofar zauren su Sule na murɗa makullin.

Ban taɓa yin wanda ya kai shi ba. Sai da sitiyari ya girgiza a hannuna. Motar ta yi tsalle ta mutu a ƙofar gidanmu. Na diro ina dariya ni kaɗai, na shiga gida.

Inna na zaune a kan tabarma, ƙoƙo a bakinta, ruwa yana bin haɓarta. Ƙannena sun kewaye kwanon kunu. Ta sauke ƙoƙon ta yi hamdala.

"Ka iso a daidai, Ado. Zauna ka sha."

Na tsaya kamar an dasa ni. Ta bayan katanga ina jin Hauwa tana cewa a miƙo mata ludayi. Can gaba wata tana kiran yara su zo su karɓi nasu. Ku da kuke da agogo a waya ba za ku gane ba. Mai azumin wancan lokacin, in magariba ta kusa, ƙoƙon yana hannunsa ne, kunnensa a waje. Tsakanin ƙara da haɗiya ba ya kai numfashi biyu.

"Ba za ka sha ba?" in ji Inna.

 Muna nan a haka, ban san tsawon lokacin ba, amma ya isa a shanye kunu a suɗe kwano. Sai daga wajen masallaci muka ji dum!

Inna ta dubi ƙoƙon. Ta dube ni.

"Wanne ne na Gimba?"

Na sunkuyar da kai. Matar nan tun da ta balaga ba a taɓa jin ta sha azumi da gangan ba, ko a shekarar da mahaifina ya kwanta ciwo. Ta kife ƙoƙon a ƙasa a hankali. Daga gida zuwa gida salati ya tashi, kamar an yi mutuwa.

Abin da ya faru a masallaci daga baya aka ba ni labari. Mazan da ke wurin sun san ba Baba Gimba ba ne, bindigarsa tana kan cinyarsa. Amma wani mutum daga layin baya, wanda shi da iyalinsa duka suka sha, ya taho a guje bayan bugu na biyu, bai tambayi kowa ba ya ci kwalar tsohon. Wai ya tsufa ya rikice, yana wasa da ibadar mutane. Ya hankaɗa shi, tsohon ya faɗi zaune, hularsa ta gangara cikin kwata. A gaban Sule.

Ana sallame magariba na ji fashewar gilas.

Na fito ba takalmi. Sule ne da gatarinsa na fasa ƙashi, ƙanensa Idi yana bayansa da gora. Ya riga ya tarwatsa gilashin gaba, ya koma kan tayar gaba yana sara, iska tana fita da huci. Ya zare ya kai wa lagireto, ruwan zafi ya tsinke a ƙasa.

"Sule! Abincin Inna kake sara!"

"Ubana aka tura a ƙasa saboda kai, ɗan iska!"

"Wa ya fara? Wa ya sa min ƙaho?"

"Da na sani a maƙogwaronka zan sa shi!"

Handil yana rataye a inda nake ajiye shi, a gefen ƙofar direba. Ban san lokacin da ya zo hannuna ba. Idi ya sauke min gora a gadon baya, na durƙusa, na miƙe. Sule ya juyo da gatarin. Na tare da hannun hagu, na ji kamar an zuba min garwashi daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, na ga farin abu a cikin naman kafin jini ya rufe shi. Shi kuma nauyin saran ya ja shi gaba, kansa ya zo daidai ƙirjina. Na ɗaga ƙarfen nan da dama na sauke masa a gefen kai da iya ƙarfina.

Ƙarar ba ta da yawa. Kamar an taka busasshiyar ƙwarya.

Ya faɗi a kan fuskarsa. Ƙafafunsa suna shure yashi. Jini yana fita ta kunnensa, baƙi, a hankali.

Daga nan ban ƙara tsayuwa da ƙafata ba. Layin ya cika. Mutanen da suka wuni da ƙishi a banza, ga wanda ya jawo a gabansu. Duka ta ko'ina, gora, takalmi, dutse, wata tsohuwa har da taɓarya. Na ji haƙorina ya fita. Wani ya taka hannun da aka sara. Ina jin Inna tana ihu, "Ku bar min shi! Ku bar min shi!" ta faɗo a kaina, wasu dukan a bayanta suka sauka. Hadarin nan duka abin da ya zubar 'yan ɗigo ne manya-manya, na ji su a wuyana, sannan iska ta tafi da shi yamma.

Wani ya ce, "A ƙone motar! Ku kawo ashana!"

"Duk wanda ya ƙyasta, shi zai ɗauki ɗana a ka ya kai shi asibiti."

Baba Gimba ne. Ba hula, rigarsa a yage ta wuya. Bai ɗaga murya ba amma aka tsaya. Ya durƙusa ya juya Sule, ya sa kunne a ƙirjinsa, ya miƙe. Duk Dogo Nini a lokacin babu wata mota sai tawa, kowa ya san haka. Ya tsinci handil ɗin a ƙasa, ya goge shi a jikin rigarsa, ya miƙo min.

"Tashi ka tayar da ita."

"Baba, hannuna."

Ya dubi hannun. Ya yage gefen zanen Inna ya ɗaure min da kansa, ya ja ƙullin da haƙori. Sannan ya juya wa mutane. "To ku tura."

Waɗanda suka gama dukana yanzun nan su suka sa kafaɗa. Aka ɗora Sule a bodi, kansa a cinyar ubansa, kusa da salansar da ke kwance a wurin tun kafin azumi. Na hau kan fasassun gilasai na zauna. Suka tura har gangara ta ƙare, na saki kuloci, ta kama da rurin nan nata. Haka na ja ta da hannu ɗaya, taya ɗaya a fashe tana dukan ƙasa, lagireto yana zubar da sauran ruwansa, iska tana shigo min ta inda gilas yake a da. Duk rurin da ta yi sai in ji kamar a cikin kan Sule nake yinsa. A ƙofar asibiti injin ya ƙame da kansa, hayaƙi yana tashi. Sai a nan wata ma'aikaciya ta ba ni ruwa, na tuna ban sha ba tun sahur.

Sule bai mutu ba. Kwanansa tara a kwance. Jin kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama kuma sai an yi masa ihu yake jin kamar ana magana daga cikin rijiya. Ni aka ɗinke min hannu aka sallame ni washegari. Baba Gimba ya hana a kai maganar gaban alƙali, ya ce shi ba zai tsaya a kotu da ɗan maƙwabcinsa da ke kabari ba. Liman ya ce duk wanda ya sha da bugun farko zai rama yini ɗaya bayan salla.

Na dawo gida na tarar da Idi yana kwaɓa ƙasa. Da ruwan rijiyar tasu yake kwaɓawa, a shekarar da ake wa ruwa rowa. Ya cire tabarmar ya jefo mana ita tsakar gida, ya fara jera tubali a ƙofar. Inna tana zaune tana kallo har ya kai sama ya shafe.  Daga ranar ƙannena mata sai sun tashi kafin sahur su tafi wata rijiya can wajen kasuwa, su bi layi, su dawo da tulu ɗaya da rabi. Ƙaramar cikinsu wuyanta ya sanƙare har salla.

Motar ta yi mako uku a rumfar Bukar. Salansar kuwa, ina tsaye ya mayar da ita. Ko awa ɗaya bai yi ba.

Baba Gimba ya rataye bindigarsa. Bulama ya je har gida ya roƙe shi, tsohon ya ce a'a, bindigar da gindin mota zai iya kwaikwaya ba ta da sauran amfani. Sai Bulama ya ce to wanda ya ɓata shi zai gyara, da ƙafarsa da bakinsa. Kullum kafin magariba in je in tsaya kusa da liman. In ya duba agogo ya gyaɗa kai, in bi layi-layi ina cewa a sha ruwa, kuma ba zan kai komai bakina ba sai na kai gidan ƙarshe.

Haka na yi, hannu a rataye a wuya, baki a kumbure. "A sha ruwa! A sha ruwa!" Mata suna ba ni amsa ta kan katanga.

"Na gaske ne ko na salansa?"

"Ka rantse tukuna!"

"Wuce, mai baƙin bututu!"

Gidan Baba Gimba shi ne na ƙarshe kafin namu. Kullum daga nesa nake ɗaga murya in wuce da sauri. Ranar azumi ashirin da bakwai na karyo kwana sai ga Sule a bakin zaure, an dawo da shi. Ya rame, kansa a naɗe da farin bandeji, ƙoƙon ruwa a gabansa a kan tabarma. Ubansa yana daga ciki kaɗan, a zaune da carbi.

Na tsaya. Na ce, "A sha ruwa."

Bai motsa ba. Bakina yake kallo.

Na matsa kusa, ta ɓangaren dama, na ɗaga murya har maƙogwarona ya yi zafi. "Sule! A sha ruwa!"

Ya ci gaba da kallona. Sai na dunƙule hannuna mai lafiya kamar ƙoƙo, na kai baki, na nuna masa nasa. Ya gane. Na ga ya gane, don idonsa ya sauka kan ruwan, maƙoshinsa ya motsa. Leɓensa duk ya tsage.

Amma bai taɓa ƙoƙon ba. Ya juya a hankali, da kafaɗa duka saboda ciwon kai, ya dubi ubansa. Baba Gimba ya leƙo ya kalli sama ta yamma, ya daɗe yana kallo, sannan ya gyaɗa masa kai.

Sai a lokacin Sule ya ɗauka ya sha.